Rigunan Adudu

A zamanin da, a wani birni mai babbar kasuwa, an yi wani sarki ana ce da shi Tunau. Ran wata Juma'a, an sauko daga masallaci, sai idonsa ya faɗa kan wani falke mai fataucin goro, sanye da babbar riga wadda ta fi ta jikinsa kyau. Ya tambayi wanda ya ɗinka ta, aka ce masa Nomau ne, Sarkin Ɗinkin garin.

Sarki bai ƙara magana ba. Amma Ma'aji Cindo, mai tsaron taska, mutum ne da ya ƙware wajen karanta shirun ubangidansa. Da aka koma fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, bai kamata allurar da ta iya wannan aiki ta riƙa yi wa kowane mai jaki hidima ba. A tattaro gwanayen maɗinka a fada, a ɗauke musu ci da sha da sutura. Abin da suka ɗinka kuwa na sarki ne, kada idon talaka ya gan shi sai ran da sarki ya ga dama."

Shawarar ta yi wa sarki daɗi, domin ta haɗa abubuwa biyu da yake so, wato kyauta da fifiko. Aka gina wa maɗinka gida a bayan fada, da rumfa mai sanyi da rijiya a tsakar gida. Aka kawo Nomau da zaɓaɓɓun mutanensa. Hatsi bai taɓa yankewa a gidajensu ba, nama kullum, goro kullum, zaren tsamiya da alharini kuwa sai wanda suka zaɓa. Duk rigar da aka gama, bayin Ma'aji su zo su karɓa, su ce, "Sarki ya gode," a ninke ta, a sa a adudu, a rufe, a kai taska. Shi kuwa sarki jiki ɗaya gare shi, kuma yana da 'yan rigunan da ya saba da su. Saboda haka adudu ya yi ta hawa kan adudu, ba mai buɗewa.

Bayan 'yan shekaru, sarkin ƙetaren kogi ya aiko manzo da kyautar takubba da gishiri don ƙarfafa zumunci. Sarki Tunau ya so ya rama da abin da babu kamarsa a ƙasarsu. Ya ce wa manzo, a gaban fadawa, "Ina da maɗinka waɗanda idonka bai taɓa ganin irin aikinsu ba." Ya umarci Ma'aji ya kawo adudun da ya shiga taska a baya-bayan nan.

Aka kawo, aka buɗe, aka ware rigar farko. Saƙi ce mai tsada, an yi mata ɗinkin aska takwas. Askakin sun karkace, wata ta fi wata tsawo, kamar haƙoran tsohon raƙumi. Tambarin bayanta ya yi kama da ƙwaryar da jaki ya taka. Zare na reto a cikin wuya. Aka ware ta biyu, ba ta fi ta farko ba.

Manzo mutum ne mai ladabi. Ya shafa rigar, ya ce, "Lalle saƙar nan ta yi kyau ƙwarai." Duk wanda ya taɓa zama a fada ya san abin da ake nufi idan baƙo ya yabi ƙyalle ya yi shiru a kan ɗinki.

Da aka kai manzo masauki, sarki ya sa aka kawo Nomau. Ya gurfana, aka jefa masa rigar a gabansa.

Sarki ya ce, "Me na rage ka da shi?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Yunwa ka ji a gidana?"

"Ko kusa, Zaki."

"To, falke mai goro ya fi ni daraja ke nan a wurinka?"

Nomau ya dubi rigar ya daɗe, kamar mai duban baƙon da aka ce masa ɗansa ne. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hannuna ne, ba na musu. Amma wallahi ban san haka ta fito ba."

Ma'aji ya ce ƙoshi ne ya lalata su, a rage musu tuwo a ƙara musu bulala, za a ga aiki. Limamin fada ya ce wataƙila tsufa ne, ido ya raunana. Sarki ya yanke hukunci: ran da manzo zai tashi, za a warware rawanin Nomau a ƙofar fada, a fitar da shi daga garin da iyalinsa, kada ya sake kama allura a ƙasar nan.

A nan ne Waziri Mijinyawa ya gyara zama. Dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda ya yi wa uban sarki aiki kafin shi. Ya ce, "Allah ya taimaki sarki, idan tsufa ne, ai ba duka suka tsufa rana ɗaya ba. Idan kuwa ƙoshi ne, Ma'aji ya fi su ƙoshi, ga shi kuma bai gaza ba. A ba ni izini in duba kafin baƙo ya tashi."

Fadawa suka sunkuyar da kai don ɓoye dariya. Sarki ya ce ya je.

Washegari da hantsi Waziri ya nufi gidan maɗinka. A ƙofa ya tarar da dogarin da ke tsaron wurin, ya gaishe shi, har ya wuce sai ya dawo. Hular dogarin tsohuwa ce, ta taɓa yagewa, an yi mata faci. Amma facin an zagaye shi da ɗinki ƙanana, sun jeru daidai kamar ƙwayar gero a zangarniya, har ya fi hular kyau.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Sarkin Ɗinki, ranka ya daɗe. Ban ma roƙe shi ba. Fizge ta ya yi daga kaina."

Waziri ya shiga. Ya iske maɗinka a rumfa, sun yi ƙiba, fatarsu na sheƙi. Biyu na dara, ɗaya na gyangyaɗi da riga a cinya, wani mai suna Bagudu, wanda bakinsa ba ya hutawa, yana ɗinki yana kallon kurciya a kan katanga. Nomau na zaune a gefe, ya zabga tagumi.

Waziri ya zauna kusa da shi, ya ce, "Sarkin Ɗinki, rigar da ka gama kafin ta jiya, wace iri ce?"

Nomau ya yi tunani. "Barage ce, ina tsammani. Ko kuwa fara. Bagudu, fara ce?"

Bagudu ya ce, "Baba, riga dai ce. Tana da wuya, tana da aljihu, ta shiga adudu. Allah ya ji ƙanta."

"To, rigar falken nan mai goro fa?"

Nan take fuskar Nomau ta sake. Ya ce, "A'a, wannan ai ba ta mantuwa. Tsamiya ce, na sha wuya da ita. A ƙarƙashin aljihu zaren ya so ya ba ni kunya, na warware wurin na sake. Ran da ya fara sa ta, ina zaune a rumfata a bakin kasuwa, ya zo ya wuce yana tafiyar agwagwa. Sarkin Pawa ya ajiye wuƙa ya bi shi da ido, ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai. Yabonsa ke nan." Ya yi murmushi, sannan ya tuna halin da yake ciki, murmushin ya ɓace.

"Hular dogari fa? Wa ya biya ka?"

"Haba, ranka ya daɗe, biya kuma? Kullum sai ya wuce ta gabana. In ta karkace, ai idona za ta riƙa tsokanewa safe da yamma."

Waziri ya yi sallama ya fita. Ya gane ciwon, amma ya san faɗarsa ta fi gane shi wuya. Sarki Tunau yana alfahari da gidan maɗinka fiye da yadda yake alfahari da ganuwar birni, kuma mai kyauta ba ya son a ce masa kyautarsa ce ta yi ɓarna.

Sarki kuwa tun yana yaro gwanin baka ne, har yanzu yakan yi harbi a filin bayan fada idan ya sami sarari. Waziri ya je ya ce masa, "Allah ya ja zamaninka, zuciyarka ta ɓaci kwanan nan. Fito gobe ka sake hannu. Sai dai na yi wani tunani. Hikimar da Ma'aji ya kawo game da riguna ta dace da kibau ma. Bai kamata kowane bawa ya riƙa ganin inda kibiyar sarki ta faɗa ba. Zan sa a kafa zana tsakaninka da abin bara, ka riƙa harbawa ta samanta."

Sarki ya ga abin sabo ne, ya yarda.

Da safe aka rataye duma a jikin wata kuka, aka nuna wa sarki inda yake, sannan aka kafa doguwar zana aka tare shi. Waziri ya kawo maroƙi mai babbar murya ya tsayar a gefe. Sarki ya gyara tsayuwa, ya ja baka har kunne, ya riƙe numfashi, ya saki.

Maroƙi ya ɗaga murya: "Sai Zaki! Hannu ba ya kuskure!"

Sarki ya ce, "Ta samu?"

Waziri ya ce, "Kibiyar sarki ce, ranka ya daɗe. An gode."

Sarki ya yi dariya, ya sake harbawa. Maroƙi ya sake kirari. Ya sake tambaya, aka sake ce masa an gode. Aka kawo masa fura mai sanyi da dabino, aka riƙe masa laima. Ya ci gaba da harbi. Sannu a hankali ya daina riƙe numfashi. Can ya daina jan baka har kunne. Can kuma ya shiga hira da Galadima a kan wata gona, yana harbi yana duban Galadima. Daga ƙarshe wata kibiya ta suɓuce masa, ko zanar ba ta tsallake ba, ta soke a jikinta tana lilo.

Maroƙi ya ɗaga murya kamar da: "Sai Zaki! Hannu ba ya kuskure!"

Sarki ya jefar da baka. "Ku rufe wa wannan baki! Wane irin wasan banza ne wannan, Waziri? Ku kawar da zanar nan!"

Aka kawar. Kibau na farko suna nan kusa da duma, ɗaya ma ta huda shi. Na bayansu sun warwatsu a jikin kuka. Sauran kuwa, wata a ƙasa, wata a katanga, wata ta soki akurkin kaji, kajin na ta kururuwa.

Waziri ya durƙusa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan hannun bai tsufa ba tsakanin safe da hantsi. Fura kuma ba ta taɓa lalata maharbi ba. An ba ka inuwa, an ba ka yabo, an ce an gode. Abu ɗaya aka hana ka, shi ne ganin inda kibiyarka ta faɗa. Kai safiya ɗaya ka yi a bayan zana. Nomau shekaru ya yi."

Sarki ya daɗe yana duban akurkin kaji. Ba wawa ba ne, amma an yi masa darasi a gaban bayinsa, kuma wannan ba abu ba ne da sarakuna ke haɗiyewa da sauƙi.

Ya ce, "Ka iya shirya wasa, Waziri. Amma ni ina son baka tun ina yaro. Wa ya ce maka shi har yanzu yana son allura? Wataƙila zuciyarsa ta mutu, ko an kawar da zana ba abin da zai dame shi. Na riga na yi magana a gaban fada, ba zan janye ta don kaji sun yi kuka ba."

"To, a gwada shi, ranka ya daɗe."

"Ni zan gwada shi, ba kai ba. Ran kasuwa, a fito da rigunan nan marasa kyau, kowane bafade ya sa ɗaya, su ratsa kasuwa daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ma'aji, kai za ka sa wadda aka ware wa baƙo, tunda bayinka suka karɓe ta suka ce na gode. A zaunar da maɗinka a bakin kasuwa, kada a gaya musu komai. Idan Nomau ya zauna yana kallo har aka wuce, to Ma'aji ne mai gaskiya. Sai ya bar garin, kai kuma, Waziri, ka raka shi, kada ka dawo."

Waziri ya ce, "Na ji, na yarda."

Ma'aji ya dubi fuskar sarki, ya sunkuyar da kai.

Ran kasuwa, da rana ta ɗaga, gari ya cika. Sarki ya hau benen Sarkin Kasuwa, ya zauna a bayan taga, Waziri na tsaye a bayansa. Dogarai suka kawo maɗinka suka zaunar da su a wata rumfa kusa da mahauta. Nomau ya ɗauka ranar korarsa ce aka matso da ita, ya zauna ya sunkuyar da kai.

Sai ga fadawa sun shigo a jere, Ma'aji a gaba, yana tafiya da sauri kamar mai tsallake garwashi.

Da farko mutane suka buɗe hanya suna gaisuwa. Sannan wata tsohuwa mai daddawa ta kare ido da hannu, ta ce da ƙarfi, don ba ta ji sosai, "Ke Lantana, waccan askar buguwa ta yi ne?"

Dariya ta tashi daga layin daddawa ta bi ta layin masu gishiri. Wani mai jaki ya ce, "Ranka ya daɗe, Ma'aji, a duhu aka ɗinka ta, ko a kan raƙumi?" Wani maɗinki na cikin gari, wanda ba a zaɓe shi ba lokacin da aka kwashi gwanaye, ya fito daga rumfarsa ya bi bayan Ma'aji yana nuna tambarin da yatsa, yana cewa, "Jama'a, ku zo ku ga aikin fada! Mu da aka bari, ashe rufin asiri aka yi mana!"

Nomau ya ɗago kai. Ya ga rigar tana tafe a kafaɗar mutum, rana na dukanta, iska na buɗe ta, kowace karkata ta fito fili. A cinya, a inuwar rumfar bayan fada, ba haka take ba.

A bene, sarki ya ce, "Yana zaune, Waziri."

"Yana zaune, ranka ya daɗe."

Ma'aji ya iso daidai mahauta. Sarkin Pawa, wanda yanzu gemunsa ya yi fari, ya ajiye wuƙa, ya bi rigar da ido. Sannan ya juyo ya nemi Nomau a cikin rumfa har ya same shi. Ya dube shi, bai yi dariya ba, bai girgiza kai ba. Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da yanka.

Nomau ya miƙe. Dogari ya sa sanda ya tare shi, ya ture sandan. Ya ratsa mutane, rawaninsa na warwarewa, ya cim ma Ma'aji ya damƙi wuyan rigar ta baya.

Ma'aji ya yi ihu, "Kai! Ka san wanda ka riƙe?"

"Ba kai na riƙe ba, ranka ya daɗe, rigata na riƙe. Tuɓe."

"A tsakiyar kasuwa? Ka haukace?"

"To, tsaya yadda kake."

Ya zaro 'yar aska daga aljihu ya fara warware ɗinkin a jikin mutumin. Bagudu ya ga haka, ya hango tasa a jikin Galadima, ya ce, "Wayyo, ga tawa can tana tafiya da ƙafafunta!" Ya ruga yana kira, "Ranka ya daɗe, Galadima, don girman Allah kada ka shiga layin masu tsamiya, surukina na can!" Kafin a jima rumfar ta zama wayam, kowane maɗinki ya kama bafadensa.

Sarki ya sauko daga bene, mutane suka zube. Nomau ya durƙusa, amma hannunsa ɗaya bai saki gefen rigar ba, har sai da Ma'aji ya tanƙwara.

Sarki ya ce, "Sarkin Ɗinki, gyara rawaninka, yana nan a kanka. Daga yau ku koma rumfunanku na kasuwa, ku yi wa duk wanda ya zo ɗinki. Hatsinku da namanku ba za a yanke ba. Rigar da kuka yi wa fada, wanda ya ɗinka ta shi zai kawo ta da hannunsa, a ware ta a gabansa, kuma a sa ta a fita da ita. Na taska duka a fito da su, masu kyau a raba, marasa kyau a mayar wa masu su. Baƙona kuma zai jira har ka ɗinka wa ubangidansa wata."

"Allah ya ja zamanin sarki. Sai dai tsamiya ba ta son gaggawa."

"Zai jira, na ce."

Ma'aji, yana tanƙware, gumi na zuba, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni fa? In je gida in tuɓe?"

Sarki ya ce, "Tambayi mai rigar."

Nomau ya miƙe, ya sa zare a baki, ya juya Ma'aji ya fuskanci rana. Ya ce, "Ɗaga hannu, ranka ya daɗe. Kada ka motsa, akwai allura."

Ma'aji ya ɗaga hannu.